Dokta Kallo-Ɗaya da Ƙafar Ɗan'azumi

Duk wanda ya yi zamani a ƙasar Makarfi a farkon mulkin kai, bai kuma taɓa shan magani daga hannun Malam Ashafa ba, to gaskiya an cuce shi, ya yi ciwonsa a banza. Malam Ashafa shi ne malamin asibitin Tashar Gambo, wani ɗan ƙauye a kan hanyar Gubuchi. Asibitin ɗaki ɗaya ne da rumfa, amma kada ka kuskura ka faɗi haka a gabansa. A bakinsa, daga Ikara har Kudan babu inda ake aikin likita sai a wannan ɗakin, sauran duk shafe-shafe ne. A wurin hukuma sunansa disfensa. A bakin mutanen gari kuwa, Dokta Kallo-Ɗaya. Shi da kansa ya ji sunan, ya auna shi, ya ga ya yi masa daidai, bai kuma taɓa zargin da dariya a ciki ba.

Ba a banza ya sami sunan ba. Kafin ya yi ɗan kwas ɗinsa na watanni a Zariya, ya yi shekaru yana riƙe wa wani likita Bature kwanon wanke hannu. A nan ya ga abin al'ajabi: Baturen nan ba ya tambayar majinyaci komai. Ya duba ido, ya danna ciki, ya ɗora roba a ƙirji, ya ba da magani. Ashafa ya ɗauki wannan a matsayin ƙarshen ilimi. Abin da bai lura da shi ba, domin shi yana ciki da kwano, shi ne Baturen ba ya jin Hausa, kuma da tafinta a waje wanda ya riga ya yi duk tambayoyin ya raɗa masa. Da Bature ya tashi komawa ƙasarsu, ya bar wa Ashafa farar riga da robar awon ƙirji. Tafinta bai bar masa komai ba.

Kowace safiya sai ya fito bakin rumfa, roba a wuya, ya yi wa masu jira lacca.

"Jama'a, ku saurara. Yanzu ƙasa a hannunmu take, babu lokacin ɓatawa. Boka ke tambaya, wanzami ke tambaya. Likita gani yake yi. In na ce me ke damunka, ka faɗa mini, to wane ne likitan, ni ko kai? Nan wurin ba a gaisuwa, ba a ba da labari. Ka shigo, ka buɗe baki, ka fito da harshe."

Haka kuwa ake yi. Dattijon da a waje ba a wuce shi sai an durƙusa, a nan sai ya shigo ya fito da harshe ba ko sallama.

Ilimin Dokta yana da faɗi. Tun mutum yana daga nesa ya gama da shi. Wanda ya fito ta hanyar Saulawa, zazzaɓi ne. Wanda ya fito ta Taba, tsutsar ciki. Bafulatani kuwa, ko da saniya ce ta tunkure shi, sanyi ne ya shiga masa ƙashi saboda kwana a daji. Mai tari da mai ciwon ido da mai basir, kowa da kwalbarsa: da fara, da ja, da wata baƙa mai ɗaci da yake ajiyewa don manyan cututtuka da masu gardama. Yana kuma da doka ɗaya da ba ya sassautawa: magani a gabansa ake shansa. Ya ce in aka ba mutum ya tafi da shi gida, sai ya raba wa maƙwabta, ko ya ɗura wa jaki.

Don kada a ce na yi masa ƙarya, mutane da yawa suna warkewa. Da damina rabin ƙasar zazzaɓi take yi, kwinin kuma ba ruwansa da wanda ya miƙa shi. Malam Ashafa ba mugu ba ne. Yana wanke hannunsa, yana tafasa allurarsa, ba ya kuma korar talaka. Kunnensa ne kawai ya yi ritaya tun yana da ƙuruciya.

Ana cikin haka, wata damina, sai ga Hajo.

Hajo tsohuwa ce daga wata unguwa bayan Gubuchi, doguwa, busasshiya, wadda ba ta san ciwon kai ba tun da aka haife ta. Mijinta ya rasu. Ɗanta Ɗan'azumi shi ke riƙe da gidan, shi ke noma gonar dawar da suke ci daga kaka zuwa kaka. Kurkunu ne ya fito masa a idon sawu, tsutsar nan da ake samu a ruwan tafki. Ya yi ƙoƙarin naɗe ta a tsinke yadda aka saba, sai ta tsinke a ciki, ƙafa ta kumbura, ya kwanta. Ga dawa ta isa noman farko, ciyawa ta taso. Matarsa tana cikin jego, ba ta fita. Sai uwar ta ɗaura zanenta ta taho karɓo masa magani, kamar yadda tsofaffi ke karɓo wa waɗanda ba sa iya zuwa.

To, ga inda gizo ke saƙar. Ɗan'azumi ɗan fari ne. Hajo kuwa irin matan da ne, masu kunyar ɗan fari ta gaske. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa nuna a gaban mutane cewa ta san da zamansa ba. In dole ta kama, sai ta kau da kai ta ce "wancan". A ce ta tsaya gaban namiji baƙo, rumfa cike da mutane, ta ce ɗana ba shi da lafiya, gara ƙasa ta tsage ta shige.

Da layi ya zo kanta, ta shiga ta durƙusa, ta tattaro duk ƙarfin halinta ta ce, "Ranka ya daɗe, ƙafa ce."

"Wa ya tambaye ki, Iya?" in ji Dokta. "Tun kina bakin bishiyar kukar can na ga ƙafa ce. Miƙo ta."

Ta miƙa. Ya danna, ya lanƙwasa, ya ɗora roba a gwiwa ya saurara da ido a rufe. Allah kaɗai ya san abin da gwiwar ta gaya masa.

Hajo ta ce a hankali, "Ai ba wannan ba ce."

"Na sani. Ɗayar ce ta fi tsanani. Majinyaci ba ya gyara wa likita." Ya juya ga masu leƙe ta taga. "Kun gani? Sanyin ƙashi, ya tsufa a jiki. Da boka ne, da yanzu yana tambayar sunan kakarta."

Ya tsiyayo baƙar kwalba a kofi, ya ce ta shanye. Hajo ta dubi kofin. Ta tuna cewa in jariri ba shi da lafiya, uwa ake ba magani ta sha, ya bi ta nono ya same shi. Gaskiya ne an yaye wancan tun zamanin da ba a san mota ba a ƙasar, amma wa ya san ƙarfin maganin Turawa? Mutumin da ke ganin ciwo daga bakin kuka ba zai rasa sanin waye mai ciwon ba. Ta ma ji daɗi a ranta da ya rufa mata asiri bai sa ta faɗa ba. Ta yi bisimilla ta shanye, ta yi godiya. Ya ce ta dawo ran kasuwa.

Ta dawo ran kasuwa, ta sake dawowa ta gaba. Kowane zuwa Dokta yana gano sabon abu. Ya ga ta rame, ya ce tsutsa ce, ya ba ta maganin wankin ciki, wanda ya sa tafiyar komawa gida ta zama mai yawan ratsewa cikin gonakin mutane. Zuwa na gaba ya ga ta ƙara ramewa, ya ce ƙarancin jini, ya ba ta jar kwalba. Kunnuwanta suka fara ƙara saboda kwinin, ya ce alamar magani ya isa ƙwaƙwalwa ke nan. Tana sha, tana komawa gida, tana leƙa ɗakin wancan da wutsiyar ido ta ga ko kumburin ya sauka. Bai sauka ba. In maƙwabta suka tambayi jikin Ɗan'azumi, sai ta ce ana karɓar magani a asibiti, kowa ya ce madalla, hankalinsa ya kwanta.

Nan kam ni dariyar ba ta zuwa mini. Ƙafar ta kumbura har gwiwa, ta fara wari, zazzaɓi ya rufe shi. Dawa ta yi ja cikin ciyawa. Tsohuwar nan tana tafiya mai nisa cikin taɓo, jiri na ɗibarta, tana shanye ɗaci da zuciya ɗaya don ɗan da ba ta iya kiran sunansa. Abin da tausayi.

Sai labari ya zo cewa babban likita daga Zariya zai zo rangadi. Malam Ashafa ya sa aka share rumfa, aka wanke farar riga da bula, aka jera kwalabe bisa tsawo. Ranar ta dace da kasuwa, saboda haka ya zaunar da Hajo a kan benci na gaba, don ita ce abin nunawarsa.

Mota Landiroba ta tsaya, wani saurayi ya fito, Likita Mamuda, ɗan ƙasa, ba farar riga, ba roba a wuya. Dokta ya dube shi sama da ƙasa ya ji tausayin Zariya. Sannan ya gyara murya.

"Ranka ya daɗe, ga misalin aikinmu. Wannan baiwar Allah ta zo mini da cututtuka huɗu a jiki ɗaya: sanyin ƙashi, tsutsa, ƙarancin jini, da wani abu a hanta da ban gama ba shi suna ba. Ban tambaye ta ko kalma ɗaya ba. Yau ga ta, da ƙafarta take zuwa daga bayan Gubuchi, ta kuma koma da ƙafarta. Ina so a rubuta wannan a kai Kaduna, don na baya su amfana."

Likita Mamuda ya juya wajen bencin. Ya ga tsohuwa, sai ya yi abin da aka koya masa a gidansu: ya rage tsawo ya gaishe ta.

"Inna, ina kwana? Ina gajiya? Yaya damina?"

"Lafiya lau, ɗan nan. Damina da godiya."

"Yaya mutanen gida? To, yaya ƙarfin jikin?"

"Da sauƙi," in ji Hajo. Ta dubi ƙasa. Tunda aka fara wannan jinya ba wanda ya ba ta ƙofa sai yau. "Sai dai har yanzu bai taka ba."

"Wa?"

Ta kau da kai wajen bango. "Wancan."

Likitan ya dube ta, ya dubi yadda ta juya fuska, ya gane. Shi ma yana da uwa. "Na farin ne, Inna?"

Ta ja mayafi ta rufe baki.

"To ke fa, me ke damunki?"

"Ni? Ai ni lafiyata lau na zo."

Aka sa ta a gaban Landiroba ta nuna hanya. Dokta Kallo-Ɗaya ya zauna a baya, kwanon wanke hannu a cinyarsa, aikin da ya fi ƙwarewa a kai. A can gidan Hajo aka tsaga ƙafar, aka fitar da ruwan ciwo, aka wanke, aka yi allura, aka ɗauki Ɗan'azumi zuwa Zariya. Likitan ya ce da an ƙara wata kasuwar, sai dai a yanke. Ƙafa ta tsira, da ɗan ɗingishi. Da maƙwabta suka ji wanda ke shan maganin, suka yi dariya har da hawaye, sannan kunya ta kama su, suka yi gayya suka nome abin da ciyawa ta rage. Rabin dawar ta tafi. Gidan ya ci rabi a shekarar, tuwo sau ɗaya a yini.

Kada ka ɗauka abin ya girgiza Dokta. Bayan kwana kaɗan ya fito bakin rumfa da sabuwar lacca.

"Abin da jahili bai sani ba, wannan shi ake kira rigakafi. In cuta ta shiga gida, likita mai hangen nesa yakan fara da kare mai jinya. Ku duba da kyau: kurkunu ya kama tsohuwar? Bai kama ta ba. To, a gode wa wa?"

Da kaka sai ga Hajo ta dawo, ta murmure, da 'yar kaza a hannu. Ba ta zo da fushi ba, ita har ga Allah godiya ta kawo. Dokta ya sa aka yi shiru don kowa ya ji shaida daga bakin mai ita. Ta durƙusa ta ajiye kazar.

"Ranka ya daɗe, Allah ya saka da alheri. Na yi ta tunani, na ga hikimarka. Maganin nan naka da ƙarfi yake. Ni da na zo da lafiyata, saura ƙiris a mai da ni gida a kan jaki. Da ka bari na kai wa wancan ya sha yana kwance, ai da tuni an yi sadakar arba'in."

Dokta ya gyaɗa kai a hankali, ya sa hannu ya karɓi kazar.