Kyandir Mai Ƙamshi da Kujerar Suruki

Kai, ku rufe min baki! Labari, labari, kamar ni rediyo ce da za a murɗa in kama magana. Ko goron bakina ban gama taunawa ba kun tsaya min a kai. Wanda ya share tsakar gida yau a cikinku ya ɗaga hannu in gani. Kun gani ko? Babu. Amma kunne kam kowa ya zo da nasa. To ku matsa daga jikin ƙafata, ku zauna. Wanda ya katse ni, na yi shiru ke nan.

Wani ne a nan unguwar Rikkos ta Jos, lokacin da soja ke shirin miƙa wa farar hula mulki. Kada ku tambaye ni sunansa, danginsa na nan da ransu. Dankalin turawa yake sayarwa a kasuwa. Ba mugu ba ne, ba ya sha, ba ya caca. Cutarsa ɗaya ce: in ana yi masa bayani, rabin farko yake ji, sai ya tashi da gudu.

Matarsa Balaraba ta haifi ɗan fari, za ta tafi wankan gida Bukuru. Ubanta Malam Gwadabe tsohon heduman ne a wurin haƙar kuza, mutumin da in ya yi gyaran murya har awaki sai su daina kuka. Shi ya sa kafinta ya yi wa 'yarsa kujerun katako masu hannu, da tebur, da kabad na jera kwanuka. Ranar tafiya Balaraba ta tsaya a bakin ƙofa da jariri a hannu.

Ta ce, "Maigida, ka ga kayan ɗakin nan? Ka fasa min tangaran, na yi shiru. Ka ƙona min labule da fitila, na yi shiru. To Baba ya ce shi da kansa zai rako ni, ya ga yadda ake riƙon kayan da ya yi min. In na dawo na tarar ka ɓata kujerun nan, motar da ta kawo ni ita za ta mayar da ni."

Ya ce, "Haba uwar ɗaki! Ko ƙuda ba zai sauka a kansu ba."

Ta tafi. Damina ta yi tsakiya, marka ta sauka, ruwa ba dare ba rana. Gogan naku ya riƙa shigo da buhunan dankali ɗaki don kada su jiƙe. Ga safa ɗanya a rataye, ga tukunyar da ba a wanke ba. Da lokacin dawowar mai jego ya matso, ɗakin nan in ka leƙa sai ka ja da baya. Shi kansa mai ɗakin da baki yake numfashi.

Sai ya nufi kantin Okey, wani Inyamuri mai sayar da kayan masarufi a bakin titi.

"Okey, me kake da shi na ƙamshi? Ɗakina ya koma kamar ramin kuza."

Okey ya leƙa ƙarƙashin kanta ya zaro wani jan kyandir, kauri kamar taɓarya. Ya ce, "Oga, ka zo daidai! Wannan daga ƙasar waje ya zo. In ka kunna, ɗakinka zai koma gidan Bature. Madam zai yi murna sosai."

Ku ji fa. Ni tun ina amarya ɗan garwashi nake sawa a kasko, in barbaɗa turaren wuta, ɗaki ya ɗauka, in fitar da kaskon waje, in buɗe taga. Ban taɓa ƙona ko tsintsiya ba. Amma shi gidan Bature yake so.

Ya zo gida ya kafa kyandir a kan hannun babbar kujera, wadda ake ba baƙo, ko faranti bai sa a ƙarƙashi ba. Ya kunna, ya shaƙa, ya ce, "Allah sarki, Turawa na jin daɗi!" Sai ya ji ana gardamar ƙwallo a ƙofar gida, ya fita sa baki. Kafin ya dawo kyandir ya karkace, ya yi ta zuba, ya kwanta male-male a kan katako, ja wur kamar an yanka kaza.

Ya ɗora hannu a ka. Ya ruga ɗakin maƙwabciyarsu Suzana, Maman Fabian, wadda ke share cocinsu ranar Asabar, ta san kyandir ciki da waje.

"Maman Fabian, na shiga uku! Kyandir ya zuba a kujerar Balaraba!"

Ta ce, "Kwantar da hankalinka. Kada ka taɓa shi da zafi. Ka bari ya daskare, sai ka kankare…"

"Na gode!" Fit, ya fice.

"…a hankali, da bayan cokali!" Ta ɗaga murya, amma ina, mutumin har ya zaro wuƙar yankan nama.

Ƙarr! Ƙarr! Kyandir ya fita, katako ma ya biyo shi. Ga wani dogon zane fari fat a hannun kujera, kamar an yi mata tsagar gado. Ya durƙusa yana kallo, gumi na zuba duk da sanyin Jos. Ɗakin da duhu saboda hadari, sai ya sake kunna kyandir ya matso da shi don ya ga iyakar ɓarnar. Ɗis! Ɗigo ya faɗa cikin zanen. Ya sa babban yatsa ya goge da sauri. Sai ya ga zane ya cike, ya ɓace, wurin har yana ƙyalli.

Ya ƙura wa wurin ido. Ya ce, "Ashe maganin abin yana hannuna!"

Ya bi zanen nan da ɗigo har ƙarshe. Ya ja da baya ya duba. To, yanzu hannun dama na walƙiya, na hagu ya dushe. Balaraba za ta gane. Ya shafe na hagu. Ya ja da baya. Hannuwa na walƙiya, mazauni da majingina sun dushe. Ya cire katifun kujera ya jefa kan gado, ya narka sauran kyandir a gwangwanin madara, ya kwarara, ya baza da murfin kwano. Ya ja da baya. Kujera ta fito kamar amarya, 'yan'uwanta kuwa kamar waɗanda suka zo cin tuwon biki.

Ya koma kantin Okey.

"Ba ni irin na ɗazu. Duka."

"Duka, Oga?"

"Da farare ma, in jajayen sun ƙare."

Okey ya dube shi sama da ƙasa. Ya ce, "Oga, ka faɗa min gaskiya. Coci za ka buɗe?"

Kwana da kwanaki bai je kasuwa ba, dankali na tsiro a buhu, shi yana fama da gwangwani. Kujeru suka sha. Tebur ya sha. Ƙofar kabad ta sha. Babbar kujera kuwa, tunda ta Baba ce, ya yi mata shafi a kan shafi, har sai da kaurinsa ya kai na ƙosai. Suzana ta leƙo ta ga hayaƙi, ta ce, "Lafiya dai? Ya fita?"

Ya ce, "Fita? Ai shiga ya yi, Maman Fabian. Sai kin gani."

Ranar dawowa aka tashi da yayyafi da iska mai shiga ƙashi. Da hantsi tasi ya tsaya a ƙofar gida. Malam Gwadabe ya fito cikin farar shadda, babbar riga da wando, an sha guga, ga sanda a hannu. Balaraba na biye da goyo. Mutumin ya zube ƙasa.

"Sannu da zuwa, Baba! Sannu da hanya! Bismilla, ga wuri."

Balaraba ta sa ƙafa a ɗaki ta tsaya cak. Jariri ya yi atishawa, ya sake, ya sake. Ita kanta idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Wannan wane irin ƙamshi ne kamar an fasa kantin turare? Kuma me ya sami kujeruna suke ƙyalli haka?"

"Kulawa ce, uwar ɗaki. Kullum sai na goge."

"Ina katifunsu?"

"Na cire ne don Baba ya ga katako."

Tsoho ya ƙwanƙwasa babbar kujerar da sanda, ya gyaɗa kai. Ya ce, "Ba laifi. Na zaci zan tarar an yi itacen girki da su." Ya tattara riga ya zauna daram.

Daɗi ya kama mutumin. Tun da ya auri Balaraba bai taɓa jin "ba laifi" daga bakin surukinsa ba. Ya ga tsoho na murza hannu saboda sanyi, sai ya ce a ransa yau zai cika ladansa. Ya fita ya ciko kasko da garwashi jajir, ya turo shi ƙarƙashin kujerar Baba. Ya rufe ƙofa, ya rufe taga.

Tsoho ya miƙe ƙafa. Ya ce, "Madalla. Yaron nan ashe ya fara hankali." Aka kawo shayi, aka shiga hira. Yana ba da labarin yadda ya taɓa korar lebura guda da kallo kawai, yana ɗan gyara zama. Can ya ce, "Kujerar nan da laushi. Kafintan nan ya iya aiki." Ya ƙara nitsewa.

Jariri kuwa sai atishawa yake, har ya fara kuka. Balaraba ta ce, "Wallahi ba za a kashe min ɗa da ƙamshi ba." Ta janye kaskon ta kai waje, ta wangale ƙofa da taga. Iskar Jos ta shigo ta yi abin da ta saba. Aka ci gaba da hira, ɗaki ya yi sanyi ƙalau.

Ladan ya kira azahar. Tsoho ya ce, "To, bari in yi alwala." Ya dafa sanda ya yunƙura. Shiru. Ya sake yunƙurawa. Shiru.

"Baba, ƙafar ce?" in ji Balaraba.

"Ƙafata lafiyarta lau! Wani ne ya riƙe ni ta baya!"

Ya tattara ƙarfin haƙar kuza ya ce, "Ya Allahu!" Ya miƙe. Kujera ta miƙe tare da shi. Ya juya dama, ta bi shi, ta share kofunan shayi. Ya juya hagu, ta daki kabad, kwanuka suka zubo ƙasa suna kiɗa. Hularsa ta faɗi. Ya nufi ƙofa, ƙafafun kujera suka tokare, ya dawo da baya ya zauna daɓas.

Matan gida suka cika ƙofa. Suzana ta kutsa, ta sa farce ta ɓantaro gefen kujera, ta sansana. Ta ce, "Yesu! Kyandir ne! Duk ɗakin kyandir ne!"

Balaraba ta ja yatsa a kan tebur, ya tafi da ɓawo. Ba ta yi ihu ba. Ta gyara goyo kawai, ta ce, "A tsayar min da mota."

Mutumin ya rikice. "Maman Fabian, ki taimaka! Yaya ake fitar da shi daga tufa?"

"Wannan mai sauƙi ne. A shimfiɗa takarda a kai, a bi da dutsen guga mai ɗumi, takardar za ta shanye. Amma sai an…"

Fit! Kafin ta rufe baki ya dawo da dutsen guga cike da garwashi, da tsohuwar jarida a hammata.

"Baba, ɗan sunkuya."

"…sai an tuɓe rigar tukuna!" in ji Suzana.

Tsoho ya ɗaga sanda. "Ka matso da abin nan kusa da ni, yau sai an yi zaman makoki a Rikkos!"

Da ƙyar aka kori mata, aka sa labule. Aka zare tsoho daga riga ta sama, aka zare shi daga wando kamar ana fiɗar rago. Shadda ta zauna abinta a kujera, ta baje hannuwa kamar ita ce baƙuwar. Malam Gwadabe, heduman guda, ya fito ɗaure da zanen atamfar 'yarsa mai hoton tsuntsaye, ga singileti, ga sanda.

Balaraba ta ce, "Baba, mu tafi. Na faɗa masa tun kafin in bar gidan nan."

Mutumin ya durƙusa, idonsa ya cika da hawaye. Tsoho ya dube shi, ya dubi kujeru, ya dubi tebur, ya dubi rigarsa. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya yi gyaran murya.

"Ba inda za ki. Ɗan wankan da kika je yi ke nan ya aikata wannan. In kika bar shi gaba ɗaya, wa zai tsare mutanen Jos? Ki zauna ki sa masa ido, lada za ki samu."

Ku miƙe haka nan, kowa ya kama hanyar shimfiɗarsa. Hasiya, ɗauki ƙaninki, ya yi barci a kan ƙafata. Saura magana ɗaya, ku ji ta a tsaye.

Mutumin ya rarrafa don murna, ya ɗauko hular tsoho daga ƙasa, ya karkaɗe, ya miƙa da hannu biyu. Sai idonsa ya sauka a kan sanda. Ya karkata kai ya ƙare mata kallo.

"Baba, na ga sandar nan taka ta dushe. Ka bar min ita zuwa gobe, akwai ragowar kyandir."