Ranar da Na Juya Manzo Bitrus

Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Shekara ashirin ina koyar da tauhidin Kirista, ga shi ranar zan gabatar da laccar da za ta kai ni kujerar farfesa a wata jami'a a birnin Greensboro na Amurka. Kan gicciye a zane-zanen coci zan yi magana. Matata Rifkatu ce ke saka mini hotunan a majigi.

Wani hoto ya fito: mutum a kan gicciye, kai ƙasa, ƙafafu sama. Na daka mata tsawa da Hausa, "Wannan ɗan aikin ma ya gagare ki?" Na zare hoton da kaina, na juya shi, na ci gaba da zuba bayani kan wahalar Almasihu, har da nuni da sanda.

Sai shugabar sashen zane ta ɗaga hannu. "Dakta, me ya sa sojojin da ke cikin hoton suke tsaye a kan kawunansu?"

Ashe Manzo Bitrus ne, wanda aka gicciye kai ƙasa. Abin da nake koya wa 'yan aji ɗaya!

Kujerar farfesan sai bayan shekara biyu na same ta. Rifkatu kuwa, ko jarida na ɗauka sai ta ce, "Baban Ladi, a juya maka?"