Zatin Ragon Suna

Ranar sunan ɗana, Kawu ya ce in je cikin tumakin unguwa in kamo ragonmu, mai jan lalle a wuya. Ni da na sha falsafar Girkawan dā a jami'a, sai na gyara tsayuwa na yi masa bayani: launi sifa ce kawai, tana zuwa tana gushewa, zatin rago shi ne rago, kuma na san zatin namu.

Kawu ya ce, "To, Allah ya ƙara sani."

Ana cikin fiɗa maƙwabcinmu ya shigo cigiyar ragon layyarsa. Namu kuwa ga shi a bakin zaure yana tuƙa, da lallensa.

Har yau a Buji, in na doso majalisa sai wani ya ce, "A ɗaure tumaki, ga Malam Zati nan!"