Ranar Da Na Buga Tambari A Argungu

Ko tsufa zai kwashe mini komai daga ka, ba zan manta da ranar da na tayar da hankalin rabin Argungu da tafin hannuna ba.

Lokacin muna ƙarƙashin Jihar Sakkwato, ni ƙaramin malamin firamare ne a Birnin Kebbi, dukiyata duka babur ɗaya da baki mai zaƙi. Ina neman auren Hauwa'u, 'yar Gulma. Mahaifinta ya rasu, saboda haka magana na hannun baffanta, Malam Ɗanbaba, wani dogon manomin shinkafa mai magana ɗaiɗai. Shi kuwa ya riga ya faɗa wa kowa ba zai ba mutumin Birni ɗiyarsu ba, wai ba mu san darajar Kabi ba.

Ranar da na je gaishe shi, bakina ya riga hankalina. Na ce, "Baffa, ai ni jinin Argungu ne, kakana makaɗin fada ne." (Allah ya jiƙan kakana, albasa ya sayar har ya bar duniya, ko kalangu bai taɓa ratayawa ba.)

"To, madalla," in ji shi. "Ran Assabat mu gamu Argungu, ka zagaya da ni tsohuwar hwada, ka gwada min wurin da kakanka ya zamna."

Asabar na sha babbar riga mai sitaci, muka haɗu a tsohuwar fadar da aka mayar gidan tarihi. Ginin ƙasa ne mai kauri, ciki sanyi kamar randa, ƙofofin kuma sai ka sunkuya. Dattijon da ke kula da wurin ya shigo da mu, sannan ya ce mu ci gaba da kallo, zai yi alwala ya dawo. Na ce a raina, Alhamdulillahi, fili ya zama nawa.

Na shiga zuba. Kowane takobi na ba shi yaƙinsa, kowane sulke na ba shi jaruminsa. Har wani ƙaton goran masunta na ce a ciki ake dama wa mayaƙa fura. Baffa dai "uhm" kawai yake cewa.

Sai muka iso wani soro, ga tambari a girke, fatarsa ta yi baƙi don tsufa. (A nan ne ya kamata in yi shiru. Tambari ba gangar biki ba ne. Ba a taɓa shi sai don Sarki: naɗi, ko jajibirin salla, ko wani babban al'amari ya auku. Kowane ɗan garin ya san haka. Ni a ranar na sani.)

"Baffa, wannan ne na kakana," na ce, na naɗe hannun riga. "Ji yadda yake yi."

Dum! Dum! Dum!

Wallahi har cikin haƙorana na ji shi. Ya kuma yi mini daɗi, sai na ƙara uku.

Farko dattijon ne ya faɗo soron, buta a hannu, ƙafa ɗaya jiƙe ɗaya busasshiya. Bayansa wani dogari yana haki. Bayansu kuma jama'a: mai nama da wuƙarsa, tela da tsinken allura a baki, tsofaffi suna salati tun daga waje. Wata tsohuwa na ta tambaya, "Sarki lahiya? Ku hwaɗa muna gaskiya, Sarki lahiya?"

"Wa ab buga tambari?" in ji dattijon.

Na waiga neman wanda zan laƙa wa. Daga ni sai Baffa sai wani tsohon sirdi.

Baffa ya nuna ni da haɓa. "Jikan makaɗin hwada na. Gadonai ya motsa."

Dattijon ya dube ni tun daga hula har yatsun ƙafa. "Gidajen makaɗa duk na san su, ɗana. Wane gida kake? Mi as sana'ar kakanka?"

Na ji gumi na bin bayana, sitaci ya saki. Na ce, cikin muryar da ni kaina da ƙyar na ji, "Albasa."

"Mi?"

"Albasa yake sayarwa, ranka ya daɗe."

Dariyar da aka yi, na tabbata an ji ta a Gulma. Na durƙusa na ba dattijo haƙuri, na ba dogari, na ba tsohuwar nan, har sirdin ma ina jin na ba shi. Dogari ya fita yana shelar cewa Sarki lafiya lau, wani malamin Birni ne.

Na raka Baffa har tashar mota. Ni dai na riga na yi bankwana da Hauwa'u a zuciyata. Sai da ya sa ƙafa a mota ya juyo.

"Ka turo magabatanka ran Jumma'a."

Na ce, "Baffa, bayan wannan abin?"

"Awo. Mutumin da ƙaryatai ba ta kai la'asar ba, ba ya iya cutar ɗiyarmu. Duk abin da kay yi, gari za ya ji."

Yau 'ya'yanmu sun girma, amma har gobe in na je Gulma, surukaina tashi suke su ɓoye turmi, wai kada in buga. Abin da na koya shi ne, in ka shiga gidan tarihi, ka zuba hannuwanka a aljihu. In kuma dole sai ka ƙirƙiro wa kakanka sana'a, ka zaɓa masa wadda ba ta da ƙara.