Yadda Za Ki Zama Yarinyar da "Ba Ta Cin Abinci"

A yi mini afuwa, ni ba marubuciya ba ce, karatu kawai na iya. Amma na daɗe ina leƙen yayata ta bayan littafi. In kin bi matakanta, na yi miki alkawari Mama za ta rantse ba kya cin komai, alhali bakinki bai san hutu ba. Sharaɗi ɗaya ne: kada ta gano.

1. Tsere wa karin kumallo

Ki tashi a makare. Mama za ta biyo ki har ƙofa da kofin shayi: "Ke, ko kurɓa ɗaya mana!" Ki ce, "Mama, na makara," ki fice da takalmi ɗaya a hannu. Masana sun tabbatar cikin budurwa ba ya farkawa sai ya ji ƙarar ledar biskit.

2. Ci na ƙawaye

A makaranta kalmarki ita ce, "Bari in ɗan taɓa." Abin da aka tsakura a hannun ƙawa ba a kiransa ci. Lemon kwalba kuwa ruwa ne da ya yi kwalliya.

3. Yi fushi da faranti

In an zuba shinkafa, ki ture ganye gefe kamar kun yi faɗa. Ki kai cokali baki, ki yi ajiyar zuciya: "Na ƙoshi." Naman dai kada ki bari, almubazzaranci ba kyau.

4. Ɓatar da shaida

Kada ki cusa ledoji ƙarƙashin katifa. Kiyashi ba su da riƙon amana.

5. San inda za ki tsaya

Nan Yaya ta yi tuntuɓe. Ta ƙware har hankalin Mama ya tashi. "Yarinyar nan wata cuta ce ke cinta a tsaye," ta ce, ta ja ta sai asibiti.

Nas ta ce, "Buɗe baki, 'yan mata." Yaya ta buɗe. Harshe kore shar! Mama ta dafe ƙirji tana salati.

Nas ta danne dariya. "Mama, kwantar da hankalinki, alawa ce. Sai dai jininta ya yi ƙasa. A ba ta ƙwai da wake da ganye."

"Au," in ji Mama a hankali. "Ashe haka ne."

Yanzu kullum da safe Mama na zaune a bakin ƙofa da faranti, takalman Yaya suna kan cinyarta. Sai an sharce faranti ake sakin su.

Gargaɗi: duk wadda ta bi shawarar nan ta ga jiri, ko ta ga wake, ba ruwana, ban ma san ta ba.

Na ji Mama tana cewa, "Ita kuma waccan mai littafin, me ta ci yau?" Bari in zame ta bayan labule kafin ta waiwayo.