Ranar da Kawu Ya Share Mini Kainuwa

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da malamina ya zo Madarumfa duba aikina ba. Har yau in na tuna, abinci fita raina yake yi.

Shekarar da aka karya darajar sefa ce, ina karatun babban digiri kan tsabtace ƙazamin ruwa ba tare da inji ba. Na haƙa kududdufai uku a bayan wata makaranta, ruwan ban-ɗaki da na wanki yana gangarowa ciki, na rufe samansu da kainuwa don saiwarta ta shanye dattin. Wata biyar ina renonta. Malamin zai zo daga Yamai sau ɗaya tak, ya gani da idonsa, ya ɗebi ruwa ya auna. In bai gamsu ba, shekarar ta tafi, bursuna, wato tallafin karatuna, kuma ya ƙare.

A gidan Kawu na sauka, ƙanen mahaifiyata, masunci a tafkin garin. Kunya ta hana ni gaya masa abin da nake yi. Na ce ni injiniyan ruwa ne, nan gaba kifi za a zuba a kududdufan (har da gyara zaman tabarau na faɗa, Allah ya yafe mini). Shi kuwa ya bi gari yana cika baki da ni, har majalisarsu ta masunta yake kai ni.

Ana gobe malamin zai zo na tafi Maraɗi tarbarsa. Ashe Kawu ya leƙa wurin, ya ga ciyawar da masunta suka fi tsana ta rufe ruwan ɗan yayarsa, ga babban baƙo tafe. Sai ya kira gayya.

Da muka iso, wari ne ya fara yi mana maraba. Kududdufan nan tsirara, ruwa baƙi ƙirin, kainuwata tsibi guda a rana ta yi yaushi. Dattawa wajen goma suna tsaye, wanduna a naɗe, jiƙe har cinya.

"Malam, sannu da hanya," in ji Kawu. "Yaron ga aiki ya yi mai yawa, shi ya sa munka share mishi haki."

Malamin bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cikin Hausa ya umarce ni in bayyana wa mutanen nan daga ina ruwan yake fitowa. Na yi ta kame-kame da Faransanci, ya ce a'a, da harshen da suke ji. Na faɗa, kaina a ƙasa.

Kawu ya dubi ƙafafunsa, ya dube ni.

"Wanga ruwa da na sa abokaina ciki, na ban-ɗaki ne?"

Na ce e. Shi da dattawan suka nufi tafki su yi wanka. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Ko kwalba ɗaya malamin bai cika ba. Shekarar ta tafi, sai da na yi shekara biyu ina koyarwa kafin in sake samun dama. Digirin ya zo daga baya, amma Kawu bai sake kai ni majalisarsu ba har ya rasu, kuma wannan ya fi yi mini ciwo.

Yanzu duk wanda ya tambayi sana'ata, tun kafin ya zauna nake ce masa ruwan kashi nake wankewa. In zai toshe hanci, gara ya toshe yana kan tudu.