Kwano Ɗari na Mai Girma

Jama'a, yau na ga abin da alƙalamina ya jawo mini. Da safe na tsaya a filin firamaren unguwarmu, babbar riga ta sha guga, hedimasta a damana, iyayen yara a bayana, muna jiran motar kwanon rufi. Sai ga a-kori-kura ta shigo tana wani ƙwaram-ƙwaram da bai kwanta mini a rai ba.

Ga yadda aka yi. Rufin aji shida ya zama rariya. Da hadari ya haɗo sai malam ya sallami yara, ga jarrabawar shiga sakandare saura wata biyu, kuma 'yata Siddiƙa a ajin take. Sau huɗu muna kai kuka ofishin da ya kamata. Allah ya saka musu da alheri, ba su taɓa barinmu a tsaye ba. Kullum sai an ba mu benci, sannan a ce fayil ɗinmu yana teburin oga, oga kuma yana otal wajen taron bita kan inganta ilimi.

Da muka gaji, sai ƙungiyar iyaye da malamai ta zauna neman dabara. Hasana mai ƙosai ta ce kowane gida ya kawo tiyar gero a sayar. Maƙwabcina Saminu ya ce a haɗa ƙwallo tsakanin malamai da iyaye, a karɓi kuɗin ƙofa, don ko daga Sandamu za a zo kallon tumbinmu yana gudu. Ni kuwa, da yake ni ne mai rubutu a jarida, na gyara zaman hula na ce duk wannan wahalar da kai ce. Wasiƙa ɗaya zan rubuta wa Mai Girma Inuwar Marasa Galihu, magana ta ƙare.

Kwana uku ina fama da wasiƙar nan. Kirari kaɗai ya cinye shafi ɗaya da rabi. Da na iso kan buƙata wuri ya ƙare, sai na matse ta a can ƙasa: “Muna roƙon kwano ɗari domin yaranmu.”

Saminu ya karanta ya ce, “Malam, ba ka sa ‘na rufi’ ba fa.”

Na ce, “Haba Saminu! Babban mutum ake rubuta wa. Kai ne ɗan jarida ko ni?”

To, yau aka sauke kaya. Kwanon cin tuwo ne guda ɗari cif, a cikin kowanne ga hoton Mai Girma yana murmushi. Wakilinsa ya zo da masu ɗaukar hoto biyu da maroƙi ɗaya. Ya karɓi lasifika ya ce wasiƙarmu ta sa Mai Girma hawaye, kuma daga yau babu yaron da zai ƙara cin abinci a leda. Makarantar da ko ruwan sha daga gida yara ke zuwa da shi!

Hedimasta ya matsa ya ce a hankali, “Ranka ya daɗe, ai na rufi muke nufi.”

Wakili ya zaro takardar daga aljihu, ya karanta layin ƙarshe da lasifika, ya ce, “Wa ya rubuta?”

Ban san unguwarmu na da haɗin kai ba sai yau. Kowa ya juyo gare ni lokaci ɗaya. Kuma da yake ni ne mai iya magana, ni aka miƙa wa jawabin godiya. Na yi, har da addu'a, Saminu yana amsa amin da ƙarfin da ya wuce kima.

Da azahar ruwa ya sauko. Siddiƙa ta dawo, littafin lissafinta a cikin hijabi, duk da haka ya jiƙe.

“Baba, yau ba a sallame mu ba,” in ji ta. “Malam ya jera kwanonin nan a ƙarƙashin yoyo. Sai dai ba ma jin abin da yake faɗa, ƙarar ta yi yawa.”

Sai ta ƙara da cewa:

“Ya ce a gaishe ka. Wai in za ka sake rubutawa, ka roƙa mana na roba.”

Wallahi kunya ta kama ni, kuma na ji tausayin yarinyar nan har cikin raina, tana busar da littafi a bakin murhu shafi-shafi. Amma kada in ƙara jin wani ya ce manyanmu ba sa shan wahala dominmu. Ga bawan Allah can a aji shida, ruwa na dukan fuskarsa a wuri ɗari, bai daina murmushi ba.